Ɓurɓushin roba a cikin kifi: Abin da ya kamata masu saye da sayarwa a gabashin Kano su sani

Ɓurɓushin roba shi ne duk wani guntun roba ko leda da girmansa bai kai milimita 5 ba, wato abin da bai wuce ƙwayar dawa ba. Mafi yawansa ma ido ba ya ganinsa sai an sa madubin likita. A shekaru 20 da suka wuce masana sun gano shi a teku da koguna da tafkuna, da ƙasar noma, da iska, da gishiri, da kuma cikin kifin da ake ci. Ga al'ummomi irin na Toranke da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, waɗanda ke zaune kusa da kwarin Kogin Hadeja, kuma kifi ya zama musu abinci da sana'a, batun ya shafi tukunyar miya da aljihun ɗan kasuwa a lokaci guda.

Asalinsa da ire-irensa

Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da ke Ingila shi ne, tare da abokan aikinsa, ya fito da sunan wannan abu fili a wata maƙala da mujallar Science ta buga a shekarar 2004. Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda tun daga masana'anta aka ƙera shi ƙanana, kamar ƙwayoyin da ake narkawa a yi bokiti da kujeru, da 'yan ƙwayoyin da ake zubawa a wasu sabulai da kayan kwalliya. Akwai kuma wanda babbar roba ce ta marmashe, kuma shi ne ya fi yawa.

Roba ba ta ruɓewa kamar kara ko ganye. Zafin rana ne ke ƙona ta har ta yi ƙeƙashe, sai iska da ruwa da yashi da takun dabbobi su riƙa gutsura ta. Ledar da aka yar bara, bana ta zama ɗaruruwan guntaye, baɗi kuma ta zama gari. A ƙasa mai tsananin rana irin ta Kano wannan marmashewa tana saurin faruwa. Ban da leda, akwai zaren da ke fita daga tufafin nailan da foliyesta yayin wanki, da garin tayar mota da ke gogewa a kan kwalta, da zaren buhu, da tsohuwar koma da igiyar masunta. Wani gwaji da aka yi a Plymouth a 2016 ya nuna cewa wankin kilo 6 na tufafin roba a inji na iya sakin zaruruwa fiye da 700,000.

Girman matsalar ya biyo girman masana'antar. A 1950 duniya ta samar da roba kimanin tan miliyan 2. A 2019 adadin ya kai tan miliyan 460, kamar yadda ƙungiyar OECD ta bayyana, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. A Najeriya, alƙaluman da aka fi ambato sun ce ana samar da sharar roba kimanin tan miliyan 2.5 a kowace shekara.

Hanyar da yake bi zuwa kogin Wudil

Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a yankin Ƙaraye a 1992, suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, a yankin Tamburawa. Daga nan ruwan ya zama Kogin Hadeja, wanda mutanen yankin ke kira kogin Wudil. Yana ratsa Wudil ya nufi arewa maso gabas, ya wuce ta gefen ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Hadeja a Jihar Jigawa.

Kafin ya iso Wudil, ruwan ya riga ya karɓi abin da magudanan kudancin birni da unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa suka zubo masa. Arewacin birni kuwa, har da Bompai, yana zuba nasa a Jakara da Getsi, waɗanda ke gangarawa madatsar ruwa ta Wasai a Minjibir, inda nan ma ake su. Ruwan farko na damina shi ne ke kwashe ledojin fiya wata da robobin lemo da na tekawe da suka taru a kwatoci tun rani, ya tura su rafi.

Ba birni kaɗai ne tushe ba. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin bola zuwa gonakinsu. A da toka ce da kashin dabbobi da dattin gida, amma yanzu leda ta cakuɗu da shi. Tana marmashewa a gona, ruwa ya wanke ta zuwa kududdufi da fadama. Haka nan ranar kasuwa a kowane ƙauye takan bar tarin baƙar leda, wankin da ake yi a bakin rafi yana sakin zare, komar nailan da ta yage kuma a nan ake barinta. Idan kogi ya yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, sai ya shimfiɗa wannan tarkace a fadamun da kifi ke hayayyafa a cikinsu.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan kogi da Neja ko Binuwai: ba ya kaiwa teku. Daga Hadeja yakan bazu a dausayin Hadeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, shi ma tafkin ba shi da mafita zuwa teku. Ma'ana, robar da ta faɗa wannan ruwa ba ta da inda za ta je. Ruwa zai ƙafe ko ya nutse cikin ƙasa, ita kuwa ta zauna a laka, a wuraren da ake kamo kifin da ake dawowa da shi kasuwannin Kano a matsayin banda.

Abin da aka gano a cikin kifi

An fi yin bincike a mahaɗar kogi da teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. A irin waɗannan wurare gudun ruwa yakan ragu, laka ta kwanta, igiyar ruwa ta riƙa kai tarkace tana komowa da shi, ga shi kuma nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma. A 2011 masu bincike a Birazil suka duba wasu nau'o'i uku na dangin tarwaɗa a mahaɗar Kogin Goiana, suka samu roba a cikin kashi 18 zuwa 33 cikin 100 na kifayen, yawancinta zaren nailan na kayan su. A 2013 aka duba kifaye 504 a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka samu roba a cikin fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Ruwan daɗi ma bai tsira ba. A 2016 aka wallafa binciken da aka yi kan giwan ruwa da karfasa daga Tafkin Biktoriya, a yankin Mwanza na Tanzaniya, inda aka samu roba a cikin kifi ɗaya daga kowane biyar. A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya duba kifaye 109 daga tafkin Eleyele na Ibadan, ya samu ɓurɓushin roba a tumbin kusan kashi 70 cikin 100. Shekara guda kafin nan an ba da rahoton samunsa a jikin dodon koɗi a yankin Kogin Osun. Abin lura shi ne karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa duk kifaye ne da ake kamawa a ruwayen Kano da Jigawa.

Kifi yakan haɗiyi roba ta hanyoyi uku. Wani yana ɗaukarta abinci, musamman idan gansakuka ta lulluɓe ta har ta yi warin abin ci. Wani yana haɗiyarta tare da laka, kamar ƙurungu da tarwaɗa masu kiwo a ƙasan ruwa, ko yayin tace ruwa, kamar karfasa. Manyan mafarauta irin giwan ruwa da tsage kuwa suna samunta ne daga ƙananan kifayen da suka cinye.

Kifayen da ke kan teburin mai saye

Ƙidayar 2006 ta nuna Ajingi na da mutum fiye da 170,000, Gaya kuma fiye da 200,000. Kifin da waɗannan mutane da 'yan uwansu na birni ke ci ya kasu kashi huɗu, kuma kowanne da hanyar da roba ke iya shigarsa.

Na farko shi ne ɗanyen kifin kogi da tafki, wanda Wudil ta yi suna da shi. Ana fasa cikinsa a cire hanji kafin a soya, don haka mafi yawan abin da ya haɗiya yana tafiya da kayan cikin.

Na biyu shi ne banda da busasshen kifi daga Hadeja da Nguru da Tafkin Chadi. A nan ƙananan kifaye irin su kawara, waɗanda ake busarwa a ci su ɗungurungum ko a daka su a miya, su ne abin dubawa, domin ana cin su da hanjinsu. Shanya a ƙasa ko a kan tsohon buhu, da ajiya a buɗe a kasuwa, suna ƙara masa zare da ƙura. Wani bincike da aka yi a Malesiya a 2017 kan busasshen kifi ya samu cewa a wasu nau'o'in ɓurɓushin da ke jikin naman ya fi wanda ke kayan ciki yawa, abin da ke nuna cewa yadda ake sarrafa kifi bayan an kama shi yana da tasiri.

Na uku shi ne kifin ƙanƙara, irin su sukumbiya da shawa, wanda ake shigowa da shi ta tashoshin jiragen ruwa. Hukumomi sun sha bayyana cewa Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na hakan ba. Wannan giɓi ne ya sa kifin teku ya isa har kasuwar ƙauye. Tare da shi akwai busasshen jatan lande da ake kawowa daga mahaɗun koguna da teku na kudancin ƙasar, wanda ake dakawa gaba ɗayansa. Ta wannan hanya gurɓatar gaɓar teku ke shiga miyar mutumin da bai taɓa ganin teku ba.

Na huɗu shi ne tarwaɗar kiwo. Ita tushen haɗarinta shi ne ruwan da aka tara ta a ciki, da tankin roba ko tamfol da rana ta ƙone, da abincin da aka haɗa da garin kifi.

Illa ga kifi da muhalli

Illar da ta fi fitowa fili ita ce wadda ke samun kifin kansa. Roba takan cika masa tumbi ya ji kamar ya ƙoshi alhali bai ci komai ba, sai girmansa ya ragu. Guntaye masu kaifi kan ji wa hanji rauni, zaruruwa kuma su maƙale a sashen da yake numfashi da shi. A 2013 masu bincike a Kalifoniya suka ciyar da wani ɗan ƙaramin kifi robar da aka jiƙa a ruwan gaɓar San Diego, suka ga alamun lalacewar hanta. A 2016 wani gwaji a Faransa ya nuna cewa kawa da aka sa wa ɓurɓushin roba ta rage yawan ƙwai da 'ya'yan da take samarwa. Yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne da adadin da ya fi wanda ake samu a kogi, don haka suna nuna abin da ke iya faruwa ne idan gurɓatar ta ci gaba da ƙaruwa.

Akwai kuma sinadarai. Ana zuba wa roba abubuwan da ke sa ta laushi ko launi ko jure wuta, kuma wasunsu, kamar BPA, an san suna dagula aikin sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa. Roba kuma tana janyo guba daga ruwan da take ciki, irin su maganin ƙwari da wasu ƙarafa masu illa. Wannan yana da muhimmanci ga kogin da ke karɓar ruwan majemu da na gonakin rani. Misalin da ya fi girgiza masana shi ne na Jihar Washington ta Amurka, inda a ƙarshen 2020 aka gano cewa wani sinadari da ke fita daga garin taya ne ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan birane bayan ruwan sama.

Ga masunci, ma'anar duk wannan ita ce ƙarancin kamu. Masuntan kwarin Hadeja sun riga sun fuskanci raguwar ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta tun bayan gina madatsun ruwa, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Roba ƙari ce a kan nauyin da suke ɗauke da shi.

Lafiyar ɗan Adam

An tabbatar cewa ɓurɓushin roba yana shiga jikin mutum. Wani gwaji a Biyana ta Ostiriya ya same shi a bayan gidan duk mutum takwas da aka duba daga ƙasashe daban-daban. A 2021 likitoci a Roma suka ba da rahoton samunsa a mabiyiyar mata huɗu daga cikin shida. A 2022 masu bincike a Amsterdam suka same shi a jinin mutum 17 daga cikin 22.

Binciken da ya fi jan hankali shi ne wanda wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga a watan Maris na 2024. Likitoci a Italiya sun bibiyi marasa lafiya 257 da aka cire wa kitsen da ya daskare a jijiyar wuya. An samu roba a kitsen kashi 58 cikin 100 nasu, kuma a tsawon kimanin watanni 34 waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa har ninki huɗu da rabi. Masu binciken da kansu sun ja hankali cewa sun nuna alaƙa ce tsakanin abubuwan biyu, ba su tabbatar da cewa robar ce sanadi ba.

A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 kan ruwan sha, guntayen da suka wuce kashi 15 cikin 100 na milimita ɗaya da wuya hanji ya tsotse su, sai dai su fita da bayan gida, ta kuma nemi a ƙara bincike kan waɗanda suka fi ƙanƙanta. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2017, ta ce cire kayan ciki yana kawar da mafi yawan ɓurɓushin, kuma gubar da mutum ke samu ta wannan hanya kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da wadda ke shigarsa ta sauran abinci. Babu wata hukumar lafiya da ta ce a daina cin kifi. A yankin da tamowa ke addabar yara, ga nama ya yi tsada, barin kifi zai jawo illar da ta fi wadda ake gudu.

Haɗarin da ya fi kusa, kuma aka riga aka tabbatar, shi ne ƙona roba. Hura wutar banda ko ta suya da leda ko takalmin roba ko taya yana fitar da hayaƙi mai ɗauke da sinadarai irin su dayoksin, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya nau'insa mafi haɗari cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 1997. Hayaƙin yana kama jikin kifin, kuma mai bandar ne ke fara shaƙarsa.

Dokoki

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014, Kenya kuma a 2017. Amurka ta hana sa ƙwayoyin roba a sabulan wanke jiki a 2015. A Najeriya an amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020. Jihar Legas ta haramta robar tekawe a Janairun 2024, a watan Yunin wannan shekara kuma Gwamnatin Tarayya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Hukumar NESREA ce ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli, NAFDAC ke kula da ingancin abinci, a Kano kuma REMASAB ke da aikin kwashe shara.

A matakin duniya, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a Maris na 2022 cewa za a samar da yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa. An tashi baram-baram a zaman Busan na Koriya ta Kudu a Disamban 2024, haka ma a Janiba a Agustan 2025, saboda saɓani kan ko za a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa.

Abin da za a iya yi

Mai saye ya tabbatar an cire hanji da sashen numfashin kifi an wanke shi sosai. Busasshen kifi a jiƙa shi a ruwan ɗumi a ɗauraye kafin a zuba a miya, a kuma guji wanda ke warin ƙonannen roba. Zuba kifi mai zafi daga kasko cikin baƙar leda, da dafa alale a leda, ɗabi'u ne da za a iya maye gurbinsu da kwano ko ganye.

Mai banda ya tsaya ga itace ko gawayi, ya yi shanya a kan tabarmar kaba ko ragar ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, ya kuma rufe kayansa a kasuwa. Ɗan kasuwar da ke fatan kai kifi manyan kantuna ko ƙasashen waje ya sani cewa tsabtar sarrafawa ita ce abu na farko da masu saye ke dubawa.

Masunta, ta hannun Sarakunan Ruwa, za su iya kafa ƙa'idar cewa ba a barin yagaggiyar koma a cikin ruwa, domin ko bayan an yar da ita takan ci gaba da kama kifi tana kashewa. Manomi ya tsince leda daga takin bola kafin ya watsa a gona. Ƙananan hukumomi su keɓe wurin zuba shara a kasuwanni nesa da rafi, su yashe magudanai kafin saukar damina, su kuma haɗa kai da 'yan jari-bola, waɗanda tuni suke sayen robar da masana'antun Kano ke narkawa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana garin Wudil, a bakin wannan kogi, Jami'ar Bayero tana birni, Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are kuma ita ke kula da madatsun Tiga da Challawa. Idan suka haɗu suka riƙa auna ruwa da laka da kifi a Tamburawa da Wudil da Ringim, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, suna sanar da jama'a sakamakon da Hausa, masunci da mai banda da uwar gida za su san inda ya kamata su fara gyara.